Kafin ka sayi maganin ƙwari don lambun gida

Duk wanda ya taɓa shuka tumatir ko barkono a bayan ɗaki a ƙasa mai zafi ya san abin da ke biyo bayan ruwan farko. Ka juya ganye ka tarar darɓa ta yi cincirindo a ƙarƙashinsa, ganyen ya nannaɗe yana danƙo, tururuwa na hawa da sauka. Ka girgiza reshe, fararen ƙudaje ƙanana su tashi kamar ƙura. A nan ne mutum ke garzayawa wajen masu sayar da magani, kuma a nan ne aka fi cutar sa.

Magungunan feshi na kamfani, irin masu sinadarin cypermethrin, suna kashewa nan take, amma ba sa tantance aboki da maƙiyi. Zuma da ƙwarin da ke cin darɓa duk tare suke tafiya, bayan 'yan makonni darɓar ta dawo babu mai tare ta. Ga kwanakin jira kafin a tsinki amfani, a lambun da yara ke wasa a gefensa. Ruwan sabulu sai ƙwaron da ya jiƙa kawai yake kashewa. Toka kuwa, yayyafi ɗaya ya wanke ta. Maganin da ake kira Bt, wanda ake yi da wata ƙwayar cuta mai kama ƙwari, yana da kyau ƙwarai, amma tsutsa kaɗai yake yi wa aiki.

Ni dai man darbejiya nake saye, kuma shi nake ba kowa shawara. Tun a 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye kusan duk wani kore amma ta bar bishiyar darbejiya. Sirrin yana cikin wani sinadari mai suna azadirachtin, wanda ya fi yawa a ƙwallon 'ya'yanta. Ba ya kayar da ƙwaro a gabanka. Abin da yake yi shi ne ya hana shi cin abinci, ya hana shi saɓa, ya rage masa hayayyafa. Shi ya sa mai gaggawa kan ce bai yi aiki ba, alhali kwana uku zuwa bakwai yake buƙata. Da yake sai ƙwaro ya ci ganyen ko maganin ya jiƙa shi, zuma ba ta cika shan wahala ba muddin an yi feshin da yamma bayan ta koma.

Haɗin ba wuya: mililita 5 na man, wato ƙaramin cokali ɗaya, a lita 1 ta ruwa mai ɗan ɗumi, da ɗigon sabulun ruwa don man ya gauraya. A girgiza sosai, a fesa ƙarƙashin ganye inda ƙwarin ke ɓuya, a maimaita duk mako, ko bayan ruwan sama mai ƙarfi. Kada a ajiye ragowar haɗin zuwa gobe, don sinadarin yana lalacewa a ruwa, hasken rana ma na karya shi. Kada kuma a fesa da tsakar rana, mai a kan ganye cikin zafi ƙuna ce.

To amma fa, ba duk kwalbar da aka rubuta wa darbejiya ce darbejiya ba. Na taɓa sayen wata da babu takarda a jikinta, mai sayarwa yana rantsuwa cewa tatacce ne. Na fesa wa tumatir ɗina da la'asar, washegari da safe na fito na ga gefen ganyayen sun yi ruwan ƙasa kamar an gifta musu wuta, furanni sun zube a gindi. Da na shinshina kwalbar da kyau sai na ji ƙaurin kananzir. Wata biyu ina renon shukokin nan, har yau abin yana yi mini ciwo.

Na ainihi launinsa tsakanin rawaya ne da ruwan ƙasa, yana da kauri, warinsa mai nauyi kamar na tafarnuwa. In ka ga fari tas marar wari, ko dai an sirka shi da wani mai, ko irin wanda aka tace ne aka cire yawancin sinadarin. Nemi wanda aka rubuta an matse shi ba tare da wuta ba. In an sa shi a firji yana daskarewa, sai dai wannan ba hujja ce cikakkiya ba, tunda wasu mayukan ma suna daskarewa. Kwalbar kirki ba ta barin haske ya ratsa, murfinta a liƙe, tana ɗauke da ranar yi, ranar daina aiki, lambar rajista, da yawan azadirachtin, misali 300 ko 1500 ppm, wato kashi 300 ko 1500 cikin miliyan. Duba takardar da kyau: masu algus kan manna sabuwar rana a kan tsohuwa, in ka sa farce sai ta ɓantare. Wanda aka ɗura a robar ruwan sha aka jera a rana, ko asalinsa mai kyau ne, ƙarfinsa ya riga ya tafi. Ka guji kuma mai ce maka maganinsa na darbejiya ne zalla amma yana kashewa cikin minti biyar, don akwai abin da ya zuba a ciki bai faɗa maka ba.

Ko kwalbar ta cika duk waɗannan sharuɗɗa, ni yanzu ganye uku ko huɗu nake fara fesawa a shuka ɗaya, in ɗaura zare a reshen, in jira kwana biyu kafin in taɓa sauran.