Manhajar auna murya: tana gyara kaucewa, ba ta sayar da zaƙi

Manhaja ce ta waya irin wadda ke zana layin muryarka a allo yayin da kake rerawa. Ka dace da sautin, layi ya miƙe. Ka kauce, ya karkata sama ko ƙasa. Na gwada ta da masu koyon amshi, kuma ta raba gardamar da ake yi kan ɗan gado da ɗan haye fiye da yadda baki zai raba.

Abin da aka haifi mutum da shi yana nan. Tsayi da kaurin tantanin murya da ke maƙogwaro su ne ke sa wani ya yi kauri wani siriri, babu manhajar da za ta canja wannan. Amma yawancin masu cewa "ni ba ni da murya" kunnensu lafiya lau, maƙogwaron ne bai saba bin umarni ba. Waɗanda ba sa bambance sauti tun haihuwa kaɗan ne, binciken baya ya ce kusan kashi 4 cikin ɗari, na baya-bayan nan ma ya rage adadin.

Ga yadda take amfani. A ajiye wayar kamar taƙi ɗaya daga baki, a kashe fanka. A yi minti 5 ana gunji baki a rufe don murya ta ɗumama. Sannan a ɗauki sauti ɗaya da "aa", a riƙe daƙiƙa 8. Idan layin ya zube a ƙarshe, numfashi ne ya ƙare, an ja shi a ƙirji maimakon ciki. Idan ya haura kuwa, an matse maƙogwaro ne, kafaɗa ma za ka ga ta ɗaga. Minti 15 kullum ya fi awa biyu ranar Asabar. Murya ta fara dishewa, a tsaya, musamman da hunturu.

Inda ta gaza: ƙarar janareta na rikita layin, kuma ma'auninta na fiyano ne, don haka lanƙwasar muryar da mawaƙinmu ke yi da gangan sai ta nuna kamar kuskure. Ba ta san karin harshen Hausa ba, za ka iya dacewa da sauti ka karya kalma. Mai koyo kuma yakan maƙale da kallon allo, shi ya sa nake sa a kifa wayar a rera, a buɗe daga baya a duba.