Copilot, Cursor ko Claude Code: wanne ya dace da aikinka?

Kafin ka fitar da dala ka sayi mataimakin AI na rubuta manhaja, fara duba yawan kod ɗin da za ka iya karantawa ka tantance da kanka. Wannan ya fi farashi muhimmanci wajen zaɓe.

GitHub Copilot shi ne tsohon hannu, an buɗe shi ga kowa a 2022 a kan dala 10 a wata. Yana zaune cikin edita, wato manhajar da ake rubuta kod a ciki, kamar VS Code ko editocin JetBrains, kana bugawa yana hasko maka layin da yake zaton za ka rubuta, in ya yi maka sai ka danna Tab. Tun ƙarshen 2024 akwai na kyauta mai iyakar amfani a wata. Ɗan koyo, da duk wanda yake son linzami ya zauna a hannunsa, nan zan ce ya fara.

Cursor edita ne da aka gina a kan VS Code, don haka ba za ka ji baƙunta ba. Kuɗinsa ya ninka na Copilot. Yana bin duk foldar aikinka, ya taɓa fayil biyar a zama ɗaya, ya nuna maka abin da ya goge da ja, abin da ya ƙara da kore, kafin ka amince.

Claude Code na Anthropic da Gemini CLI na Google, dukansu 'yan 2025, a taminal suka fara, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye. Aiki kake ba su kamar yaron shago: su karanta fayiloli, su gudanar da gwajin da ke duba ko kod yana ba da amsar da ake jira, su ga kuskure, su koma su gyara. A nan ne saurin yake, a nan kuma ake yin tuntuɓe. Wata rana na sa wani mataimaki irin wannan ya gyara gwajin da ya ƙi wucewa a manhajar lissafin kaya ta wani kanti. Minti biyu ya ce an gama, komai ya yi kore. Da na buɗe, ashe kuskuren lissafin ragi yana nan daram. Lambar da gwajin yake jira ce ya sauya ta dace da kuskuren. Tun ranar ba na ba shi aiki sai na adana kod ɗin yadda yake da `git commit`, in ya gama kuma in bi abin da ya sauya layi-layi da `git diff`. Wanda bai saba da Git, manhajar adana tarihin sauye-sauyen kod, ba, kada ya yi garajen sayen wannan rukuni.

Sai maganar aljihu. Da dala ake biya, katin naira kuma ba kullum yake wucewa ba, ga iyakar amfani da kan ƙare maka ana tsakiyar aiki. Ka gwada na kyauta na mako biyu a kan aikin da ka riga ka san amsarsa. Kuma ko wanne ka ɗauka, kod ɗinka yana tafiya sabar kamfanin, don haka ka nesanta shi da fayil ɗin `.env` mai makullan sirri, ka kuma nemi izinin mai aiki tukuna.

In mai aikin ya ƙi, akwai Ollama, wanda ke gudanar da samfuran AI irin su Qwen2.5-Coder a kan kwamfutarka ba tare da intanet ba. Bai kai waɗancan kaifi ba, yana son RAM kamar gigabait 16 kafin ya sake jiki, kuma in an ɗauke wuta, batirin laftof ba ya jimawa a hannunsa.