Biyayya: sharaɗin ceto ko 'ya'yansa?

A Jidda babu ginin coci, don haka mu 'yan Kaduna da Filato a ɗaki muke haɗuwa ran Juma'a, ranar hutu. Ana zuba shayi, gardamar nan ta taso.

Wani dattijo ɗan cocin ECWA ya tsaya kan Afisawa 2:8-9 a Littafi Mai Tsarki: ceto kyauta ce ta alheri, ta wurin bangaskiya, aikin mutum bai saye shi ba. A wurinsa tsarkin rayuwa 'ya'yan itace ne, bayan ceto yake fitowa. Ya kawo ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu. Wace biyayya ya samu lokacin yi?

Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Katolika ta ce, "Baba, Yakubu 2:26 fa? Bangaskiya ba ayyuka matacciya ce." Ita ma ta yarda alheri ne mafari, amma sai mutum ya ba shi haɗin kai, kuma babban zunubi na iya raba mutum da alherin. Matsayin taron Trent, babban taron shugabannin Cocin Katolika, ke nan tun 1547.

Ni na fi karkata ga Baba, sai dai Ibraniyawa 12:14 na hana ni sakewa: in ba tsarki, ba mai ganin Ubangiji. Na karanta masa ayar, ya ce a ƙaro shayi tukuna.