Kunama ko kayan ciki: wanne za a fara gyarawa a bindigar iska?

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Jiya da dare Malam Issufu ya kawo tambaya kan bindigarsa ta iska, irin wadda ake karya bututunta a ɗana, mai cin harsashi milimita 4.5. Ya ce shekararta uku a hannunsa, da ita yake korar gafiya daga garkarsa ta Mirya. Yanzu kunamar ta yi tauri, in ya harba bindigar sai ta yi ƙara tana kaɗawa kamar tsirkiyar gurmi, harsasan kuma kowane ya kama gabansa. Kuɗin da ke hannunsa na aiki ɗaya ne, shi ne yake son a kwatanta masa: gyaran kunama ko gyaran kayan ciki?

Malam Issufu, amsata ita ce ka fara da kayan ciki. Amma kafin ka kashe ko dala ɗaya, ɗauko turnabis ka duba sukurorin da suka haɗa ƙarfen bindigar da katakonta, biyu a gaba, ɗaya ko biyu a wajen kunama. Irin wannan bindiga girgizarta biyu ce, ta yi baya sannan ta fizgo gaba, shi ya sa take kwance sukuru a hankali ba tare da mai ita ya lura ba. Iskar hunturu ta nan Damagaram kuma tana busar da katako ya tsuke, sai wuri ya buɗe. Na sha ganin bindigar da aka ce ta mutu, aka ɗaure mata sukuru uku ta dawo daidai. Ka duba kuma ƙusar da bututun yake juyawa a kanta: in ka ɗana bindigar ka ɗaga bututun rabi, ya kamata ya tsaya inda ka bar shi, kada ya faɗo da kansa.

To, bari mu jera ayyukan biyu kusa da juna.

Gyaran kunama ba ya ƙara wa bindiga ƙarfi ko kaɗan, ba ya kuma hana ta kaɗawa. Hannunka yake taimaka wa. In kunama tana da tauri, lokacin da kake jan ta da ƙarfi bakin bindigar yana gocewa daga saiti, kuma ba ka san daidai lokacin da za ta saki ba. Gyaran kayan ciki kuwa ita bindigar kanta yake gyarawa, ya sa kowane harbi ya fita da ƙarfi ɗaya da na bayansa. Mutum yakan saba da kunama mai tauri har ya riƙa samun abin da ya auna da ita. Bindigar da iskarta ke zurarewa kuwa ba a sabawa da ita, domin yau harsashi ya sauka sama, gobe ya sauka ƙasa, kai kuma kana ta juya saiti a banza.

Abin da ke cikin bindigar ba shi da yawa. Akwai silinda, akwai piston mai roba a goshinsa, akwai resor, wanda mutanen Kano ke ce wa sifirin, da wata ƴar sanda da ke shiga cikin resor ɗin tana riƙe shi miƙe. In ka ja kunama, resor ya tura piston, piston ya matse iska ta bi ta wata ƴar ƙaramar kafa ta buga harsashi. Matsin nan yana faruwa ne cikin ƙiftawar ido, kuma iskar tana yin zafi ƙwarai. Abin da ke kashe bindigogin garin nan ke nan. Mutum ya ji bindigarsa tana ƙara, sai ya ɗiga man inji ko man keken ɗinki a cikin kafar. Wannan mai yana kamawa da wuta a cikin silinda, kamar dai yadda gazuwal ke kamawa a injin mota ba tare da buji ba. Za ka ji ƙara mai ƙarfi, hayaƙi ya fito, har ka ɗauka ƙarfi ta ƙara. Robar piston ce ke ƙonewa, resor kuma yana shan bugun da zai iya karya shi. Ni ma na yi wannan kuskuren da bindigata ta farko, da na buɗe ta na tarar bakin robar ya narke ya yi baƙi, kuma na ji ciwon abin sosai domin wata biyu na yi ina jiran sabuwa.

Ƙarar tsirkiyar da ka ce kana ji, yawanci resor ne ke rawa domin sandar cikinsa ta yi masa siriri, ko kuma ya lanƙwashe, ko ya karye daga ƙarshe. Gyara na gaskiya shi ne a kwance, a wanke tsohon giris da ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama kamar sanfefa, a goge kaifin ramukan silinda domin kada su yanki sabuwar roba lokacin shigarwa, a sa sabuwar roba, a sa sandar da ta cika resor daidai. Mai injin sassaƙa ƙarfe zai iya fitar maka da ita in ka kai masa resor ɗin ya auna. Giris kuma baƙin nan mai molibdenum ake so, irin wanda makanikai ke sa wa kardan ɗin mota, a shafa kaɗan ƙwarai a jikin piston ta bayan roba da kuma ƙarshen resor biyu. Ko ɗigo kada ya taɓa goshin robar. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, giris mai yawa narkewa yake ya gangaro gaba, a koma gidan jiya.

Wani abin farin ciki a nan Damagaram: tsofaffin bindigogi, da wasu masu arha na China, fata ce a goshin piston ɗinsu maimakon roba. In taka irin wannan ce, ka huta da jiran kaya daga waje, domin baduku mai hannu zai yanka maka ita da fatar saniya mai kauri in ka kai masa tsohuwar. Ita fata tana son a riƙa jiƙa ta da ɗan man silikon lokaci zuwa lokaci, in ba haka ba bushewar garin nan ta mai da ita kamar ƙanzo. Akwai kuma ƙaramar robar da ke bakin bututu, inda kake saka harsashi. Barbaɗa ɗan gari a wurin ka harba cikin buhun yashi. In garin ya tashi, iska na fita ta nan, kuma canjin wannan robar shi ne aiki mafi arha a duk bindigar.

Za a ce maka ka sa resor mafi ƙarfi. Ban ba ka wannan shawara ba. Ƙarfin bindigar ya fi dogara ga yawan iskar da silindarta ke ɗauka, don haka resor mai tauri abin da ya fi ƙarawa shi ne wahalar ɗanawa da girgiza, ya kuma ɗora wa kunama nauyin da ba a yi ta dominsa ba. Harsashin 4.5 nauyinsa wajen rabin giram ne. In yana tafiyar mita 240 a daƙiƙa, ƙarfinsa wajen jul 14 ne (jul shi ne ma'aunin ƙarfin bugu), ƙasa kaɗan da wajen jul 16 da doka ta yarda da shi a Ingila ba tare da lasisi ba, kuma da wannan ƙarfin suke farautar zomo. A Jamus ma iyakar jul 7.5 ce. In gudun ya matso saurin sauti, wajen mita 340 a daƙiƙa, harsashin dalma mai buɗaɗɗen gindi kamar siket ɗin nan yakan fara tangal-tangal a iska. Akwai masu cire resor su sa silindar gas, dabarar da kamfanin Theoben na Ingila ya shahara da ita. Tana kashe ƙarar tsirkiyar gaba ɗaya, amma ranar da gas ɗin ya zurare sai dai ka nemi sabuwa, shi kuwa resor ko ya gaji yana ci gaba da harbi.

Hatsarin aikin ciki wuri ɗaya yake. Resor a matse yake ko ba a ɗana bindigar ba. In ka zare ƙusoshin baya ba tare da ka danne murfin bayan silindar ba, zai fito da ƙarfin da zai fasa haƙori ko ido. Nemi dogon ƙarfen da kafinta ke matse katako da shi, ka danne, ka zare, ka sassauta a hankali.

Ita kunama, komai ya danganta da irin wadda kamfani ya sa. Weihrauch na Jamus suna da wadda ake kira Rekord, Diana suna da T06, Hatsan na Turkiyya suna da Quattro. Waɗannan masu hawa biyu ne: ka ja kaɗan ba nauyi, ka ji ta tsaya, ka ƙara ɗan matsi ta saki. Suna da sukuron daidaitawa, don haka gyaransu kyauta ne. Ka juya rubu'in zagaye, ka rubuta abin da ka juya, ka gwada. Bindigogi masu arha kuwa, haƙori ɗaya ne ke riƙe da piston kai tsaye, duk nauyin resor yana kansa, shi ya sa suke da tauri. Abin da mutanenmu ke yi shi ne su kai wa mai gyara ya goga haƙorin da magagari. Malam Issufu, don Allah kada ka yarda da wannan. Sau da yawa taurin ƙarfen nan a fatarsa ta waje kawai yake, siririya ƙwarai. In aka goge ta, ƙarfe mai laushi ya bayyana, kullum yana cinyewa, wata rana ya saki da kansa. Na ga bindigar wani abokina da aka yi wa haka. Yana cikin saka harsashi haƙorin ya kuɓuce, bututun ya rufo da ƙarfi ya lanƙwashe sama, katakon ya tsage, Allah ne ya tsare yatsansa. Tun daga ranar, duk wanda na koya wa harbi sai na sa shi ya riƙe bututu da hannu ɗaya har ya gama saka harsashi.

Abin da zan yarda a yi wa irin wannan kunama shi ne a wanke ta, domin ƙura da busasshen mai su ne rabin taurinta, sannan a shafa ɗan baƙin giris a ƙusoshin da take juyawa a kansu. Ga bindigar garka, kunamar da ke saki a wajen kilo ɗaya ta yi daidai, za ka iya aunawa da sikelin rataya, bindigar tana ɗauke da harsashi tana fuskantar buhun yashi. Kada ka harba ta babu harsashi, piston zai daki ƙarshen silinda ba abin da ya tare shi. Bayan kowane taɓi, ɗana ta, ka saka harsashi, ka fuskantar da ita ga buhun, ka bubbuga gindinta da tafin hannu da ƙarfi. In ta tashi, mai da sukurun inda yake.

Ka ga ke nan kunama kusan ba ta cin kuɗi in an tsaya a kan wanki da sukuru, kayan ciki ne ke bukatar sayayya, kuma alamun da ka faɗa, ƙara da girgiza da watsuwar harsashi, can suka fi nunawa. In an gama, ka ba ta harbi ɗari ko biyu ta zauna kafin ka yanke mata hukunci. Ka riƙe ta sakwa-sakwa a kan buɗaɗɗen tafin hannu, wuri ɗaya kullum, domin harsashin yana cikin bututu lokacin da take motsi. Sannan ka auna mita 20, ka harba biyar biyar a kwali da harsashi iri biyu ko uku, ka ajiye kwalayen. Turo mana hoton rubutun da ke jikin silindar da na resor ɗin in ka fitar da shi, sai in gaya maka ko roba za ka nema ko wajen baduku za ka nufa.