Sharhi kan gilashin Canon 70-300mm IS II: ya tsayar min da rawar hannu a Hawan Daushe

Na daɗe ina ɗaukar hotunan hawan sallah da wani tsohon gilashin janyo nesa wanda ba shi da na'urar rage rawa, kuma kusan kullum labarin ɗaya ne. A ƙaramin allon kyamara hoton yakan fito kamar ba shi da aibu, amma da zarar na buɗe shi a kwamfuta sai in tarar da zanen lifidi da idon doki sun yi dishi-dishi. Wannan ne ya sa na sayi Canon EF 70-300mm f/4-5.6 IS II USM, wanda kamfanin ya fitar a 2016, na ɗaura shi a kan kyamarata 80D, na kuma yi aiki da shi tsawon watanni kafin in rubuta wannan sharhi.

Dalilin rawar ba wani ɓoyayyen abu ba ne. Gilashin da ke janyo abin da ke nesa yana faɗaɗa motsin hannun mai ɗauka daidai gwargwadon yadda yake faɗaɗa abin da ake ɗauka, ta yadda numfashi kaɗai ya isa ya ɓata hoto. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce kada saurin ƙiftawar kyamara ya gaza tsawon gilashin. A kyamara irin tawa ana ninka tsawon da 1.6, saboda haka 300mm ya zama kamar 480mm, wato ina bukatar aƙalla 1/500 na daƙiƙa idan ba ni da wani taimako. Kamfanin ya ce na'urar rage rawar wannan gilashi tana ba da rangwamen mataki 4 (kowane mataki yana ninka lokacin ƙiftawar sau biyu), wanda a lissafi yake saukar da 1/500 zuwa kusan 1/30.

Na gwada wannan magana a kan zanen bangon Gidan Makama, domin bango ba ya motsi. A 1/125 kusan duk abin da na ɗauka ya fito tas. A 1/60 mafi yawa sun yi kyau. A 1/30 kuwa sai na jingina da gini, na manna gwiwar hannu a haƙarƙari, na tallabi gilashin daga ƙasa da tafin hagu, na fitar da rabin numfashi kafin in danna, sannan na riƙa samun masu kaifi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda hoton ke lafawa a cikin maleƙi da zarar na taɓa maɓalli rabi, kamar ruwan randa da aka daina girgizawa. Akwai kuma ɗan allo a jikin gilashin da ke iya nuna yawan rawar hannu, wanda ya nuna min cewa na fi yin rawa idan na tsaya ƙafafuna a haɗe.

Babban darasin ya zo min ne a Kofar Kudu ranar Hawan Daushe, kuma kuskuren nawa ne. Na dogara da na'urar, na bar saurin a 1/125, ga shi la'asar ta yi sanyi, ƙura ta tashi. Hakimai da ke tafe a hankali bisa dawakansu sun fito da kyau har ana iya ƙirga ninkin rawani. Amma da mahaya suka sako dawakai a guje domin jahi, sai ga katangar fada a bayansu ta fito sarai, su kuma sun zama inuwa. Na'urar tana gyara motsin hannuna ne kawai, ba ta da iko a kan ƙafar doki. Sai da na ɗaga saurin zuwa 1/1000, na buɗe ƙofar haske har iyakarta wato f/5.6, na bar ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, ya hau zuwa 3200, sannan na kama kofato a sama da ƙura tana tashi a ƙarƙashinsa. Hoton ya ɗan yi tsaki-tsaki, amma ni a wurina wannan ya fi dishi-dishi sau dubu, domin manhaja tana iya rage tsakin, hoton da ya yi rawa kuwa ya tafi ke nan.

Nauyinsa giram 710 ne, kuma na yini da shi a wuya ba tare da hannuna ya fara karkarwa ba, wanda ba ƙaramin abu ba ne a cikin cunkoson da ba a samun wurin kafa mai ƙafa uku. Yana kuma kama abin da aka nufa da sauri ba tare da ƙara ba.

Ina ba da shawararsa ga mai ɗaukar hawa, wasan ƙwallo da rana, ko tsuntsayen fadamar Hadeja da Nguru. Wanda aikinsa ya fi yawa bayan magariba ko cikin ɗakin taro, gara ya tara kuɗi ya nemi gilashi mai f/2.8, wanda ke shigar da haske ninki huɗu na f/5.6.