Na gwada GIMP wajen haɗa tuta mai kaɗawa, ga yadda muka kwashe

Ana saura sati biyu 1 ga Oktoba wani malami da nake wa aikin fulaya a nan Tudun Wada ya kira ni, wai yana son tutar Najeriya tana kaɗawa da sunan makarantarsu a ƙasa zai sa a WhatsApp. Bakina ya riga ni, na ce ai ƙaramin aiki ne Malam, alhali wallahi ban taɓa yi ba, kuma kuɗin biyan Photoshop duk wata ba ni da shi. Sai na sauke GIMP, wata manhajar gyaran hoto irin Photoshop, tunda kyauta ce, ba rajista ba komai, ta 3.0 ɗin da ta fito a Maris 2025 na saka a tsohuwar laftof ɗina.

Zana tutar minti biyu ne, kore fari kore, tsawonta ninki biyu na faɗinta, yadda marigayi Taiwo Akinkunmi ya tsara a 1959 sai dai an cire jar ranar da ya sa a tsakiya. Wahalar tana wajen motsin. Da farko filtar igiyar ruwa na danna mata kawai, abin ya fito kamar an jefa takarda a kogin Kaduna, yana lanƙwasa amma ba yadi ba ne, ƙanina ma da ya leƙo cewa ya yi Yaya wannan tuta ce ko taliya.

Ashe inuwa ce sirrin. Ranar da hadari ya taso da la'asar na ga farin zanin Umma a igiyar shanya iska na wasa da shi, na ɗauko waya na kafa ta a kan bokiti na yi ta ɗauka, ita kuma tana ta kira wai in kwashe mata shanya kafin ruwa ya sauko. Hotuna biyar na zaɓa, na maida su baƙi da fari, na ɗan dusashe su, don in ba ka dusashe ba gefen tutar zai fito kamar haƙoran zarto. Kowane hoto aiki biyu ya yi min. Na farko ya zama taswirar filtar da suka rubuta wa Displace, ita hasken hoton take karantawa, inda ya yi fari ta tura tutar gefe guda, inda ya yi duhu ta tura ɗaya gefen, ruwan toka na tsakiya kuma ta bar shi yadda yake. Na biyu na ɗora shi a matsayin leya, wato hoto a kan hoto, a saman tutar na sa shi a yanayin haɗawa da ake kira Multiply, farin ya ɓace, inuwar lanƙwasar ta zauna a kan koren. Nan na fara ganin yadi na gaske, har da ɗan tattarewar nan ta kusa da sanda.

Abin da ya fi burge ni shi ne Blend da ke cikin filtocin motsi, ka ba ta leyoyinka ka faɗa mata firem nawa kake so a tsakani, wato hotunan da ke bin juna su ba da motsi, ita za ta narkar da wannan cikin wancan. Na sa uku-uku, na tashi da firem 20, kowane milisakan 100, wato sakan biyu kenan yana zagayowa. A GIMP kowace leya firem ɗaya ce in za ka fitar da GIF, wato hoto mai motsi, lokacin ma a jikin sunan leyar ake rubutawa.

Sai dai fa kala 256 kaɗai GIF ke ɗauka, haka aka yi shi tun 1987, don haka inuwar da ke kan farin tana fitowa layi-layi in ka zura ido. Kuma aikin hannu ne, kowane hoto sai ka bi shi ɗaya bayan ɗaya, sau ɗaya ma aka ɗauke wuta ban adana ba, batirina kuma ya daɗe da mutuwa, na koma farko. Mai gaggawa ko wanda waya kawai gare shi ba zan ce ya zo nan ba, amma in kana da kwamfuta da haƙurin dare biyu to ta isa.

Malam ya sa, ya turo min saƙon murya yana tambaya a ina na samu bidiyon, ko Murtala Square na je. Na ce a'a ranka ya daɗe, zanin Umma ne.