Ekogarafi sau biyu a sati guda, ga abin da na gani

Jama'a maiɗakina na da ciki wata 5, kuma Allah Ya hore mata jiki tubarkalla, to wurin da muka fara zuwa ekogarafi (hoton duba ciki) a nan Damagaram injinsu ya kwana biyu, hoto duk ya fito tsaki-tsaki kamar tele in eriya ta goce, mai aikin ya yi ta dannawa yana ƙara jel har ta ce cikinta na ciwo, ƙarshe dai ya ce mu dawo wani wata.

Hankalina bai kwanta ba, sai muka hau kabu-kabu zuwa wata kilinik can wajen Sabon Gari. Kuɗinsu ya ɗara na farko da jaka biyu, na ɗan yi gunaguni a raina ba zan ɓoye ba.

Shi wannan likitan da ya ga na zura wa ekaran ido sai ya ce Malam matso ka gani. Ya danna wani maɓalli wai shi harmonik, nan take hazon ya washe, ga ƙashin bayan yaro a jere kamar carbi! Na ce likita wannan wane siddabaru ne? Ya yi dariya ya ce lissafi ne kawai. Injin yana tura amon da kunne ba ya ji, a ce megahaz 2 (ma'aunin saurin kaɗawar amo ke nan), naman jiki ya maido da wani sashe a ninke wato 4, sai kwamfutar ciki ta tace ta saurari ninkin kaɗai, shi ya sa hayaniyar da kitsen ciki ke jawowa ta ragu. Akwai kuma dabarar hasko wuri ɗaya ta kusurwa daban-daban a haɗe hotunan, tunda tsakin nan ba ya faɗawa wuri guda kowane karo sai ya dushe, gaɓar kuma ta tsaya daram.

Abin da ya burge ni, da ya ƙara gogewar da yawa hoton ya koma sumul kamar fuskar amarya a filta, sai ya rage da kansa, ya ce in an cika gyara ƙananan abubuwa na iya ɓacewa.

Ƙorafina biyu ne. Mun yi zaman jira wajen awa uku ga zafi ga kuran ya ɗauke, sai da aka tada gurub. Takardar hoton da suka ba mu ma ko kusa ba ta kai na ekaran ba, Hajiyarmu ta juya ta sama ta juya ta ƙasa ta ce ita fa gajimare kawai take gani.